Haɗari a wurin aiki: abin da doka ta ba ma'aikaci, da yadda yake suɓuce masa a Damagaram

Bara da rani wani ƙanen matata ya faɗo daga kan katakon hawa a wani bene da ake ginawa a gefen gari. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Da na isa asibiti bayan la'asar, na tarar mai kwangilar ginin ya riga ni zuwa. Ya biya kuɗin hoton ƙashi, ya sayo maganin da aka rubuta, ya kuma danƙa wa surukata jika ashirin, wato sefa 20,000, ya ce a sha ruwa. Tana ta sa masa albarka har ya fita.

Na bari ya yi nisa, sannan na durƙusa na ce, "Inna, an kai takarda Kes?"

Kes ɗin nan shi ne asusun inshorar ma'aikata na ƙasarmu Nijar. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Malam, wace takarda kuma? Bawan Allah nan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ba shi ya tunkuɗo yaron ba. Abin da Allah ya rubuta ne."

Ban yi mata musu ba, don mutum ba ya musu da surukarsa a bakin gadon majinyaci. Amma maganarta ta zauna mini a rai, domin a cikinta akwai kuskuren da ke cinye haƙƙin ma'aikata da yawa a garin nan. Ta ɗauka cewa sai an samu mai laifi ake biyan diyya, kuma tunda babu wanda ya tunkuɗo yaron, duk abin da aka ba su alheri ne. Dokar ƙasarmu kuwa ba haka take kallon lamarin ba.

Da can haka abin yake a ƙasashen Turai ma. Leburan da inji ya cinye wa hannu sai ya je gaban alƙali ya tabbatar da cewa sakacin mai masana'anta ne ya jawo, in ya kasa ya tashi a tutar babu. Ina lebura ya ga kuɗin lauya, ina kuma ya ga abokin aikin da zai tsaya ya ba da shaida kan wanda ke ciyar da shi? Jamus ce ta fara sauya wannan a 1884 da inshorar haɗarin aiki, Faransa ta bi da dokarta ta 9 ga Afrilu 1898. Ciniki aka yi, kowane ɓangare ya saki wani abu. Ma'aikaci ya huta da neman mai laifi: muddin a bakin aiki ya ji rauni, a biya shi. Shi kuma mai ba da aiki ya huta da fargabar a yanke masa diyyar da za ta karya shi, domin an ƙayyade abin da za a biya da ma'auni. Wannan tsarin ne ya iso mana ta hannun Faransa a ƙarshen mulkin mallaka, bayan dokar ƙwadago ta 1952 da aka yi wa ƙasashen da take mulka. Bayan samun 'yanci, a 1965, Nijar ta ɗora nauyin a wuyan asusun CNSS, wanda kowa ke kira Kes. Dokar ƙwadagon da ake aiki da ita yanzu kuwa ita ce ta 25 ga Satumba 2012.

Ka ga ke nan, ta wata fuska doka ta yarda da Inna. Ita ma ta ce haɗari yana aukuwa ko babu mai laifi, ko da magini ya yi kaffa-kaffa, ko da igiyar sabuwa ce. Bambancinsu ɗaya: Inna ta ce tunda ƙaddara ce a yi haƙuri, doka ta ce tunda ƙaddara ce a tanadi kuɗinta tun kafin ta zo. Ko da ma'aikacin ne ya yi ganganci irin na yau da kullum, ya taka inda bai kamata ba, ko ya manta hular kwano, wannan ba ya fitar da shi daga cikin masu haƙƙi. Wanda aka cire shi ne mai ji wa kansa rauni da gangan.

Wa ke zuba kuɗin?

Duk mai ɗaukar ma'aikata wajibi ne ya yi wa kansa rajista a Kes, ya yi wa kowane ma'aikaci, ya kuma riƙa zuba kaso bisa albashin da yake biya. Kason yana da rassa uku. Na tallafin iyali kashi 8.4 cikin ɗari ne, na fanshon tsufa kashi 6.25 daga maigida da 5.25 daga albashin ma'aikaci, na haɗarin aiki da cututtukan sana'a kuma kashi 1.75. Wannan na ƙarshen maigida ne kaɗai ke biya, ba a cire ko dala daga albashin ma'aikaci dominsa. Ana lissafin ne har zuwa albashin sefa 500,000 a wata, abin da ya haura haka ba a ɗora masa kaso.

Mu sa shi a faifai. Ma'aikaci mai ɗaukar jika 60 a wata, kason haɗarin aikinsa sefa 1,050 ne. Bai kai kuɗin man babur na kwana biyu ba. To me ya sa masu gida ke gudun rajista? Saboda ba a yanka rassan ɗaya-ɗaya. In ka shiga, duka za ka biya, wato kashi 16.4 cikin ɗari, sefa 9,840 a kan wannan ma'aikaci ɗaya kowane wata. Mai ma'aikata ashirin yana yin wannan lissafin a ransa sai ya ga gara ya jira ranar da wani zai faɗo ya kai jika ashirin asibiti. A wurinsa wannan ya fi araha, har ma da riba, tunda da albarka zai fito.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na san ma'aikatan da da bakinsu suke roƙon kada a yi musu rajista, don kada a taɓa musu sefa 3,150 ɗin da za a cire na fansho. Akwai kuma waɗanda ke yarda a rubuta musu mafi ƙanƙantar albashi a takarda, wato jika 42 da aka tsayar tun farkon 2024, sauran a ba su a hannu. Ranar biya kowa na murna. Ranar da aka zo lissafin diyya kuwa, albashin takarda ake dubawa, na hannu ya bi iska.

Wane ne ma'aikaci a idon doka? Nan ma akwai ruɗani. Mutane na ɗauka sai mai kwantiragi a rubuce da hatimi. A'a. Duk wanda ke yi wa wani aiki a ƙarƙashin umarninsa don a biya shi, ma'aikaci ne, ko da da baki aka ƙulla maganar, kuma ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya: shaidu, littafin kiran suna, rasiɗin biya, har saƙon waya. Mai gadi, direban kamfani, mai shara a makarantar kuɗi, mai zuba mai a gidan mai, leburan da ake biya duk mako, duk suna ciki. Yaro mai koyon sana'a ma dokar haɗarin aiki ta ambace shi, haka ɗaliban makarantun koyon sana'a. Ma'aikatan gwamnati na dindindin su ne ke da nasu tsarin daban. Mai aikin kansa, kamar ɗan kabu-kabun da babur nasa ne, ba wajibi a kansa, sai dai in shi ya nemi shiga don raɗin kansa.

A wuraren gini akwai wata dabara da aka saba. Babban ɗan kwangila ya yanka aikin ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya je ya kwaso leburori. Idan haɗari ya auku, babban ya ce bai san yaron ba, ƙaramin ya ce ba shi da ko sisi. Dokar ƙwadago ta san wannan wasan. Idan a wurin aikin babban ɗan kwangila ake yin aikin, kuma ƙaramin ya gaza sauke haƙƙin ma'aikata, nauyin yana komawa kan babban.

Shi kansa haɗarin aiki ya fi faɗin yadda ake zato. Akwai wanda ya auku saboda aikin ko a lokacin yin sa, kamar faɗowa, ƙonewa, kamun lantarki, yankan inji. Akwai kuma na hanya: tsakanin gida da wurin aiki, tafiya ko dawowa, muddin mutum bai karkata don wata buƙatar kansa da ba ta da alaƙa da aikin ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Ka tuna masu aiki a matatar mai da aka buɗe a 2011, da ke can arewa da gari ta hanyar Tanut, tafiyar kusan kilomita 50. Ka tuna mai gadin da ke tasowa daga Garin Malam ko Karkada a kan babur da magariba, ko ma'aikaciyar asibitin kuɗi da ke hawa adaidaita daga Birni. Idan mota ta buge ɗayansu a kan hanyarsa ta zuwa aiki, haɗarin aiki ne. Yawanci mutane sai su tsaya kan rigima da direban da ya yi bugun, su manta da Kes gaba ɗaya, alhali ƙofofin biyu ne: Kes ta biya nata, abin da ya rage na asara kuma a bi mai motar da inshorarsa. Shi ya sa takardar da 'yan sanda ko jandarma ke rubutawa a wurin haɗari take da daraja, kada a yarda a ɗauke babur a ce a sasanta kafin su zo.

Cutar sana'a ita ce mai wuyar sha'ani, domin ba ta faɗowa rana ɗaya. Ƙurar dutse da ke taruwa a huhun mai fasa dutse, gubar dalma a jikin mai harkar batir, irin waɗannan sai bayan shekaru suke bayyana, wani lokaci bayan mutum ya bar aikin. Akwai jerin cututtukan da doka ta amince da su, kowace da irin aikin da ke jawo ta. Mai tari na shekara da shekaru da ya yi rayuwarsa cikin ƙura, ya kamata ya gaya wa likita irin aikin da ya yi, ba ciwon kawai ba.

Kwana biyun farko

A nan ake cin wasan ko a faɗi. Ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da maigida nan take. Maigida kuma yana da awa 48 ya kai sanarwar haɗarin a rubuce ga Kes da ofishin sufeton ƙwadago, dukansu kuwa suna da ofis a nan Zinder, ba sai an je Yamai ba. Sanarwar tana tafiya da takardar likitan da ya fara duba raunin, wadda ke faɗin irin raunin da kwanakin hutun da ake tsammani. Idan an warke, ko raunin ya tsaya inda zai tsaya, likita ya sake rubuta ta biyu. Waɗannan takardu biyu su ne ƙashin bayan komai.

Idan maigida ya ƙi kai sanarwa fa? Ba a rufe ƙofa ba. Wanda ya ji raunin, ko iyalinsa, suna iya kaiwa da kansu har cikin shekara biyu. Sai dai shekara biyu a takarda ce kawai take da tsawo. Wurin gini ba ya jiran kowa: bayan wata uku an gama bene, leburori sun watse, wani ya tafi Agadez, wani ya tsallaka Kano, wani ya koma gona da saukar damina. Wanda ya ga faɗowar da idonsa, a ranar ake rubuta sunansa da lambar wayarsa.

Sai maganar maɗori. Ba ina raina aikinsu ba ne, akwai gidajen da suka gaji ɗori kaka da kakanni, kuma mutane da yawa sun taka ƙafarsu ta dalilinsu. Amma maɗori ba ya ba da takardar da Kes za ta karɓa. Wanda aka ɗauke daga wurin aiki aka wuce da shi kai tsaye gidan ɗori a wani ƙauye ta wajen Mirya ko Matamai, ya yi kwana arba'in a can, ya dawo da ƙafa a karkace, to da me zai nuna cewa ranar kaza a wurin kaza ya karye? Na lura wasu masu gida su ne ke fara ba da shawarar a tafi ɗori, har su ba da mota. Wataƙila da zuciya ɗaya suke yi. Amma ko da iyali sun fi natsuwa da ɗori, a fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoto a karɓi takarda.

To me ake samu idan takardu sun cika?

Na farko magani. Kuɗin likita, aikin tiyata, kwanciya asibiti, magunguna, kuɗin ɗaukar majinyaci, ƙafar roba ko hannun roba idan ta kai ga haka, da gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi bayan an warke, duk a wuyan asusun suke. Ba a ce ma'aikaci ya kawo rabi ba.

Na biyu kuɗin kwanakin jinya. Ranar da haɗarin ya auku, maigida ne ke biyan albashinta cikakke. Daga washegari Kes ta karɓa: rabin albashin yini har kwana 28, daga rana ta 29 kuma kashi biyu cikin uku, har a warke ko likita ya ce raunin ya tsaya. A ce albashin yinin mutum ya kama sefa 2,000 kuma ya yi wata uku a kwance. Kwana 28 na farko zai samu jika 28. Sauran kwana 62, a kan kusan sefa 1,333 kowace rana, sun kama jika 82 da ɗoriya. Jimla wajen jika 110, a maimakon jika 180 da zai samu da yana kan ƙafarsa. Bai cika ba, gaskiya ne. Amma a ajiye shi kusa da jika ashirin ɗin da aka danƙa wa Inna.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma shi ne aka fi jahilta: kuɗin naƙasa ta dindindin. Idan raunin ya bar tabo da ya rage wa mutum ƙarfin aiki, likita yana auna naƙasar da kashi cikin ɗari. Idan ba ta kai kashi 10 ba, a dunƙule ake biya sau ɗaya. Daga kashi 10 zuwa sama kuwa kuɗi ne da za a riƙa biya a kai a kai muddin rai. Amma ba kai tsaye ake ɗaukar kason likita a buga da albashi ba, akwai wani lissafi a tsakani da ya kamata kowa ya iya. Abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu. Abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa.

Mu koma kan mai jika 60 a wata, wato jika 720 a shekara. Likita ya ce naƙasarsa kashi 30 ce. A raba biyu, saura 15. Kashi 15 na jika 720 shi ne jika 108 a shekara, daidai da jika 9 a wata. Idan kuma naƙasar kashi 70 ce: hamsin na farko su koma 25, ashirin na sama su zama 30, jimla 55. Ya kama jika 396 a shekara, jika 33 a wata. Mai naƙasa ɗari bisa ɗari shi ne ke samun cikakken albashin da aka yi lissafi da shi, idan kuma ba ya iya ci da sha da kewayawa sai da taimakon wani, ana ƙara masa kashi 40 cikin ɗari a kai.

A ganina a nan tsarin yake da rauni. An gina shi ne don ya tausaya wa mai babbar naƙasa, ya tsuke hannu ga mai matsakaiciya, bisa zaton cewa mai matsakaiciya zai ci gaba da aiki. Wannan zaton yana iya yin daidai ga akawun da ke zaune a ofis. Amma magini da ba ya iya hawa tsani kuma, ko tela da ya rasa yatsu biyu na dama, a takarda naƙasarsa matsakaiciya ce, a rayuwa kuwa sana'arsa ta ƙare. Jika tara a wata ba ta riƙe gida a garin da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Abin da zan ce kawai, kason da likita ya rubuta ba wahayi ba ne. Ana iya ƙalubalantarsa a nemi wani likita ya sake aunawa, kuma idan raunin ya tsananta daga baya, ko ciwon ya dawo, ana iya neman a sake duba lissafin.

Idan rai ya yi halinsa

Asusun yana ba da kuɗin jana'iza, sannan ya riƙa biyan waɗanda mamacin ya bari. Mata tana da kashi 30 cikin ɗari na albashin shekarar da aka yi lissafi da shi, idan matan sun fi ɗaya su raba wannan talatin ɗin daidai. 'Ya'ya biyu na farko kashi 15 kowanne, na bayansu kashi 10 kowanne, maraya gaba da baya kashi 20. Iyayen da mamacin ke ciyarwa kashi 10 kowanne. Amma jimla ba ta wuce kashi 85. Mutum mai mata biyu da 'ya'ya huɗu da tsohuwarsa a gida: talatin na mata, hamsin na yara, goma na uwa, sun kama 90, sai a rage wa kowa kaɗan a dawo 85. A albashin jika 720, wannan jika 51 ne a wata ga gidan. Yara suna karɓa har su kai shekarun da aka iyakance, ana kuma tsawaita wa mai karatu ko koyon sana'a. Wannan kuɗi ba dukiyar mamaci ba ce da za a tara a raba, kowane mai haƙƙi da sunansa ake biyansa, kuma kason ɗiya mace daidai yake da na ɗa namiji.

Abu biyu ke hana gidaje cin wannan. Ɗaya takardu: auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai shi magajin gari ba, yaran da ba su da takardar haihuwa. Ana iya gyarawa ta hanyar kotu, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mace mai takaba ba ta yawon ofisoshi.

Na biyun ya fi zurfi. Ranar sadakar uku maigida ya zo da buhun shinkafa da goro, dattawan gida su haɗu a zaure, babban wa ya ce, "Alhaji, mun yafe. Ba za mu ci kuɗin jinin ɗan'uwanmu ba." Kowa ya yaba, a shafa fatiha. Na fahimci inda wannan ya fito, kuma yafiya abu ce mai girma. Amma a duba abin da aka yafe, da wanda ya yafe shi. Kuɗin nan ba daga aljihun Alhaji zai fito ba idan ya yi rajista, daga asusun da aka daɗe ana zubawa ne saboda irin wannan rana. Yafe shi bai sauke wa Alhaji komai ba. Sannan waɗanda ke cewa sun yafe ba su ne masu haƙƙin ba. Masu haƙƙin suna cikin gida, ɗaya tana takaba, sauran ba su kai makaranta ba tukuna. Ban san wani malami da zai ce baffa yana da ikon kyautar da abin marayu don ya fita kunyar wani ba.

Akwai tsoron kora, wanda shi ke rufe bakin masu rai. Doka ta ce muddin ma'aikaci yana jinyar haɗarin aiki, kwantiraginsa a dakace yake, ba a warware ba. Wurinsa na nan. Wanda aka sallama saboda ya karye, ko saboda ya nemi a kai sanarwa, yana da ƙara. Matakin farko ofishin sufeton ƙwadago: ya kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu, abin da aka amince a rubuta a sa hannu. Idan sulhu ya ƙi, sai kotun ƙwadago, inda alƙali ke zama da wakilin masu ba da aiki da wakilin ma'aikata, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne. Inda akwai wakilan ma'aikata ko sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, su ya kamata a fara kira tun daga asibiti. Idan kuma bincike ya nuna maigida ya san da haɗarin sarai ya ƙyale, misali an sha gaya masa katakon ya ruɓe, ana iya ƙara abin da za a biya, ƙarin kuma a kansa yake komawa.

Rashin rajista laifin maigida ne, ba na ma'aikaci ba, kuma ba ya mayar da ma'aikaci ba ma'aikaci ba. Sai dai yana tsawaita hanya, domin kafin a zo maganar rauni sai an fara tabbatar da cewa aikin ma an yi shi. A nan ne kuma gaskiyar garinmu take fitowa. Mafi yawan masu zufa a Damagaram ba su taɓa ganin takardar albashi ba: 'yan dako a kasuwar Dole, masu fasa dutse, yaran gareji da na masu walda, majema, masu haƙar rijiya da masai, 'yan aikin gida. Da yawansu ma wurin kawu ko maƙwabci suke aiki, inda kai ƙara daidai yake da yanke zumunci. Dokar da aka ɗinka don masana'antun Turai ta zo ta tarar da mu a haka, rigar ba ta rufe ko'ina ba. Amma ban yarda a fake da wannan a bar masu kwangilar miliyoyi, da makarantun kuɗi, da gidajen mai, da kamfanonin gadi su shige cikin rigar talaka su ce su ma ba su da hali ba. Wanda ke iya cika takardun neman kwangila yana iya cika ta Kes.

Shi ƙanen matata, da ya ɗan samu sauƙi na tambaye shi ko yana da lambar Kes. Ya ce, "Yaya, an taɓa karɓar hotona da takardar haihuwa, amma ban san inda aka kai su ba." Muka je ofishin muka bincika, babu sunansa. Muka wuce wurin sufeto da takardar likita ta ranar farko, wadda Allah ya sa matata ta adana a cikin jakarta, da sunayen leburori biyu da suka ɗauko shi. An kira mai kwangilar sau biyu kafin ya zo. Da ya zo bai musa cewa yaron nasa ne ba, abin da ya fi ɓata masa rai shi ne wai an kai shi ƙara bayan duk alherin da ya yi. An rubuta yarjejeniya, ya biya kuɗin watannin jinya, ya kuma yi wa sauran ma'aikatansa rajista. Maganar naƙasa tana nan ana bin ta, ƙafar ta ɗan gajarta kuma likita bai rufe takardarsa ba tukuna. Inna ta yi wata guda tana amsa gaisuwata a taƙaice.